Fakon Baffan Ruga

Jiya da hantsi ina gyaran shingen bayan gida, sai na karya reshen aguwa, farin ruwan nan nata ya ɗiga mini a babban yatsa. In kai ɗan birni ne ba lalle ka san ta ba. Wata 'yar itaciya ce mai taurin rai, akuya ba ta cinta, fari ba ya kashe ta, ka yanki reshe ka soka a ƙasa ta kama. Shi ya sa mu a ƙasar Bodinga da ita muke yin iyakar gona. Ruwanta yana da danƙo da wani ɗan wari na ɗanyen ganye. Ina tsaye ina goge yatsan a jikin riga, sai na ji kunnena na hagu ya ɗauki zafi, alhali hannun da ya murɗe shi ya fi shekara arba'in a ƙasa.

Garinmu shi ne na ƙarshe a ɓangaren Bodinga. Kudu da gonakinmu akwai wata ƙorama mai yashi wadda ba ta ruwa sai da damina, kana tsallake ta ka shiga ƙasar Shagari. Mu yara ba mu san da wannan ba. Muna cin kasuwa ɗaya da mutanen tsallake, muna auratayya, akuyarsu ta kwana a turkenmu ba mai cewa uffan. Iyakar tana bakin manya ne kawai, su ma sai in ta kama suke tono ta.

Tsakanin gonar Kaka da ƙoramar akwai ruga guda ta wani Bafillace da muke kira Baffan ruga. Dogo ne, siriri, mai magana a hankali kamar ba ya son ta ƙare. Tun mahaifina yana saurayi Baffa ya zo da 'yan shanunsa, Kaka ya nuna masa wani fako a ƙarshen gona, wurin da ko ƙaya ba ta fitowa, ya ce ya zauna. Ya kuma bar masa hanya ta gefen gero zuwa tafkin gari. Shekara talatin shanu suna kwana a fakon nan. Kai ma ka san abin da kashin shanu yake yi wa ƙasa. Wurin da fartanya take tsalle a da ya koma baƙi wuluk, ka damƙa ka ji shi da laushi a hannu.

Ni kuwa da rugar nan akwai abin da ya wuce maƙwabtaka. Da aka haife ni mahaifiyata ta yi ciwo, nononta ya ƙafe. Matar Baffa, Innar ruga, tana goyon ɗanta namiji a lokacin, sai ta haɗa mu ta shayar. Da aka yaye ni kuma, kullum da safe tana aiko mini da madarar wata jar saniya a ƙaramin ƙoƙo, da ɗuminta. In ta gan ni tafe sai ta ce, “Ga ɓarawon nono nan, ku ɓoye ƙwarya!” Ta kama ni ta shafa mini man shanu a ka, in koma gida ƙudaje na bina, mahaifiyata tana faɗa. Wallahi na fi son rugar nan da ɗakin uwata, kuma kowa ya sani.

Ina da shekara bakwai, farkon damina, Kaka ya aika aka kira liman da Baffa, ya ce ni ma in biyo su. Ya tsufa sosai a lokacin, yana dogara sanda, ni ina ɗauke da damin rassan aguwa. A garinmu in za a yanka iyaka ba a tafiya sai da yaro, domin tsofaffi mutuwa za su yi, yaron ne zai saura. Kuma don kada ya manta, a kowace kusurwa sai an ba shi abin tunawa. Ni ban san wannan ba, na zaci ɗaukar kaya kawai aka kira ni.

A kusurwar farko Kaka ya soka reshe, ya take da ƙafa, sai kawai na ji ya kama kunnena ya murɗe har na ga taurari.

“Daga aguwag ga zuwa bakin ƙorama, da hanyat tabki, na ba shi. Ba aro na ba, kyauta ta. Mi nic ce?”

“Kyauta ta, Kaka!”

Kusurwa huɗu, murɗa huɗu, duk a kunne ɗaya. A ta ƙarshe ina kuka da majina, liman yana dariya, Baffa yana cewa a yi mini a hankali. Da muka gama Innar ruga ta dama mini fura, ta sa nono har ya fi furar yawa. Kaka bai kai kaka biyu ba bayan haka ya rasu, liman ya bi shi da watanni.

Zan gaya maka gaskiya game da mahaifina, don kada ka zaci dodo ne. Mutum ne mai sallah, mai aiki kamar jaki, ga baki goma sha ɗaya a wuyansa, ga gonar gado ta gaji, gero yana fitowa kamar gashin tsohuwa. Kullum in ya ɗaga kai daga noma sai idonsa ya faɗa kan baƙar ƙasar rugar. Shekara uku yana kallonta. A bazarar da na cika goma sha biyu ya wayi gari ya tumɓuke aguwar Kaka, ya dasa sabon layi, ya haɗa da ƙaya ya toshe hanyar tafki.

Ka san bazararmu. Tun hantsi ƙasa take gasa tafin ƙafa, inuwa ma zafi take yi. Shanun da suka saba taku kaɗan su sha ruwa, yanzu sai an zagaya da su ta bayan gari, tafiyar rabin wuni. Da rana tsaka suna tsayawa a jikin ƙayar, suna jin ƙamshin tafki suna kuka, muna jin su daga cikin gida muna cin tuwo. 'Yan maruƙa suka fara faɗuwa. Jar saniyar nan, wadda ta riga ta tsufa, ta durƙusa a hanya wata rana ba ta tashi ba, aka yanka ta. Mahaifina ya sayi naman da arha, aka yi mana miya da shi.

Baffa ya je wurin mai garinmu. Mai gari ya ce masa ai shi ba talakansa ba ne, tunda ardon da yake bi yana tsallaken ƙorama, can ya kamata ya kai kukansa. Ya tsallaka, ardo ya kai shi wurin mai garin can. Shi kuma ya ce mutumin nasa ne, amma ƙasar ba tasa ba ce, ba ya shari'ar abin da yake hayin Bodinga. Manomi ƙasa yake bi, makiyayi mutum yake bi, sai ga Baffa ƙafarsa a wata ƙasa, wuyansa a wata. Ya yi ta safa da marwa a yashin nan kusan wata biyu. Ana cikin haka zazzaɓi ya kama Innar ruga, kwana huɗu ta cika. Aka binne ta a gindin wata aduwa a bayan bukkarta. An hana ni zuwa gaisuwa.

Daga ƙarshe dattawa suka matsa, masu garin biyu suka yarda su zauna a bakin ƙorama, kowa a gefensa. Baffa ya ce kyauta ce, mahaifina ya ce aro ne, kuma mai aro in ya buƙaci kayansa sai a ba shi. Cikin waɗanda suka ga dashen aguwar, ban da Baffa, ni kaɗai na rage.

Da safiyar ranar mahaifina ya kai ni gindin rumbu, ya ɗaga ni na leƙa. Babu komai sai ƙaiƙayi da kashin ɓera.

“Ka gani? In kac ce kyauta, kai ka ciyad da ƙannenka bana.”

Ya sauke ni. Ya kama hannuna muka tafi, kuma tunda nake bai taɓa riƙe mini hannu ba sai ranar. Kada in yi maka ƙarya, daɗin wannan riƙon ya fi tsoron rumbun aiki a zuciyata.

Mutane sun cika yashi. Mai garinmu ya yafito ni.

“Matso, ɗana. Kana nan randa kakanka yad dasa aguwa?”

“Ina nan, ranka shi daɗe.”

“Mi yac ce? Aro ko kyauta?”

Baffa yana zaune a kan buzunsa, ya rame, yana kallona da murmushi, irin na wanda wahalarsa ta zo ƙarshe. Ɗansa, abokin shan nonona, yana tsugune a bayansa. Na dubi yatsun ƙafata na ce, “Aro yac ce.”

Mai garin tsallake, wanda da alama ya san kan zancen, ya ce a kawo Alƙur'ani yaro ya dafa. Na san ba zan iya ba, ana ɗora hannuna zan fasa kuka in faɗi gaskiya. Mahaifina ma ya sani, na ji tafinsa ya jiƙe a kafaɗata. Har an tashi mai ɗaukowa, sai Baffa ya ɗaga hannu.

“A bari. Kar a sa yaro shi dahwa Littahi. Nonon ɗakina na cikin jikinai, ba ni son shi ƙone. Na bar wurin.”

Shi ke nan shari'ar. A hanyar gida mahaifina ya saya mini tsire tsinke biyu. Na cinye tas, kuma ya yi daɗi. Wannan ne abin da har yau ba na iya yafe wa yaron nan, wato ni.

Baffa ya kwashe bukkokinsa kafin ruwan farko. Ranar tafiya ya zo ƙofar gidanmu, ya yi sallama, ya roƙi abu ɗaya: kada a sa garma a gindin aduwa. Mahaifina ya ce Allah ya sawwaƙe, shi ma ai Musulmi ne. Shekarar farko ya bar wurin. Ta biyu kunyar noma ta matso, ta uku aka sare aduwar don inuwarta tana kashe gero, ni da kaina na haƙe kututturen. Geron da fakon nan ya yi kuwa ba a taɓa ganin irinsa a garinmu ba. Da shi aka aurar da ƙannena, da shi na yi aure.

Yanzu mahaifina ya daɗe da rasuwa, gonar tana hannuna. An daina kai yara iyaka, an koma binne turakun siminti da rubuta takarda, masu awo suna zuwa da na'ura. Ƙoramar da muke tsallakewa da gudu, yanzu in akuyarka ta haura sai an yi zaman sulhu. In rigimar gona ta tashi kuma, wa kake jin ake kira? Ni. Wai ni ne dattijon da ya san iyakokin da, wanda ba a taɓa kama shi da ƙarya ba. Ana cewa ramin ƙarya ƙurarre ne. To, nawa dai har yau ban taɓo ƙarshensa ba.

Shekara uku da suka wuce, gero ya fara fitar da kai, wani Bafillace mai furfura ya yi sallama a zaurena. Tun kafin ya zauna na gane tafiyar ubansa. Ya ce Baffa ya rasu can kudu mai nisa, bai taɓa ambatona da sharri ba. Shi ba ƙasa ya zo nema ba, so yake in nuna masa inda mahaifiyarsa take, ya yi mata addu'a, don ya zagaya wurin bai gane komai ba.

Na shiga gida ɗauko hula, babban ɗana ya biyo ni. Ya yi boko, shi yake riƙe da takardun gonar. Ya ce, “Baba, kabari shaida ne fa. Yau addu'a, gobe lauya.” Na daka masa tsawa na ce ya rufe mini baki, mara kunya. Na fito na ja baƙona muka kama hanya.

Na san wurin kamar tafin hannuna. Muka shiga gonar, ganyen gero yana karzar mana fuska, muka zo daidai kansa, na ji ƙasar a ƙarƙashin takalmina. Ban tsaya ba. Na wuce da shi, muka gangara yashi, muka haura hayin Shagari, na nuna masa wani ɗan tudu kusa da tsohon suri, a ƙasar da ba ta kowa ba. Na ce nan ne.

Ya cire takalmi ya durƙusa. Ya daɗe yana addu'a, hawaye na bin gemunsa, ni ina tsaye a bayansa ina cewa amin. Da ya gama ya tattara duwatsu ya kewaye wurin, ya riƙe hannuna biyu ya ce, “Ɗan'uwa, ka biya ni. Allah shi saka ma.”

Tun daga nan duk shekara yana zuwa. Ya fara biyowa ta gidana ya ajiye mini kwalbar man shanu, sannan ya ratsa ta cikin gerona, ya taka kan uwarsa, ya tsallaka ƙorama ya je ya gai da suri. Bana da jikokinsa biyu ya zo, don su san wurin.