Babin Adalci a Bakin Rijiya

Jiya warin jiƙaƙƙen wasaki, gugan fata, ya buge ni a bakin rijiya, sai Malam ya faɗo mini a rai, Allah ya jiƙansa.

Shekara huɗu na yi a gabansa ina karatun littattafan mulki: wa ya cancanci sarauta, mene ne haƙƙin talaka a kan sarki. In mun kai ƙarshen babi yakan rufe littafi ya ce, "Tashi mu je mu ga ko ya shiga."

Ranar da na gama babin adalci, ana tsakiyar rani, ya kai ni rijiyarmu ta arewacin Dakoro, ya roƙi makiyaya su bar ni in tsara wanda zai fara ban ruwa. Na fara da garken kawuna, ƙanen mahaifiyata, na bi da na mai raƙuma. Wata tsohuwa mai awaki biyar tana tsaye har rana ta take, ba ta ce uffan ba.

Malam bai yi mini faɗa ba. Ya naɗe hannun riga, ya kama igiya, ya jawo mata ruwa da kansa. Har yau ina jin hakinsa.

A hanyar gida ya dafa kafaɗata. "Ɗana, ka iya babin sarai. Awakinta ne karatun bai kai gare su ba."

Yau ni ake kawo wa ƙara, kuma nakan fara duban wanda ya yi shiru. Allah ya shayar da kai, Malam, kada a bar ka kana jira.