Hannu a Baya a Filin Kimiyya

Duk layinmu a garin Zomba, babu mai tsaurin tarbiyya kamar Nachisale mai suyar fanke. Dokarta ɗaya ce: yaro in ya shiga cikin mutane, hannu a baya. A kan wannan doka take rainon jikarta Tiyamike, yarinyar da ko dariya ba ta yi tun da uwarta ta tafi aikatau Afirka ta Kudu. Wannan shirun kuwa yana cin ran tsohuwar, ni maƙwabciyarta na sani.

Wata Asabar ɗaliban jami'a suka shirya wa yara wasan kimiyya kyauta a filin firamare. Da ƙyar na ja Nachisale muka je. Ta sa wa yarinyar farar rigar coci, ta saƙalo kaza a hammata, wai ba a zuwa wurin masu ilimi hannu rabbana.

Muna isa ta yi turus. Babu benci, babu mai wa'azi. Yara ne dumu-dumu cikin taɓo, suna tace ruwan kwata da yashi da gawayi.

"Yaushe za a fara?" ta tambayi wata ɗaliba.

"Ai an fara, Kaka."

"To ina malamin?"

"Ni ce. Ita kuma kazar fa?"

"Taku ce."

Ɗalibar ta rasa inda za ta ajiye kaza, ta bar ta a hammatar mai ita, Nachisale kuma ta rasa inda za ta zauna. Tsohuwar ta raɗa mini, "Wai iyayen yaran nan suna raye?"

Aka kira Tiyamike ta zo ta damƙi taɓo. Ta matsa har bakin baho, idonta kamar ya faɗa ciki, amma hannu na baya. Ɗalibar ta lallashe ta, ko motsi.

"Taɓa mana," in ji kakar, murya ƙasa-ƙasa.

Yarinyar ta dube ta, ta ƙara ƙanƙame hannuwanta. Ta ɗauka gwada ta ake yi. Wallahi sai da tausayi ya kama ni.

Nachisale ta daɗe tsaye. Can ta miƙo mini kazar, ta durƙusa da sabon zanenta, ta zurma hannu biyu cikin taɓon har gwiwar hannu.

"To, ga shi na yi. Me ake nema a ciki?"

Tiyamike ta fashe da dariya, ta tsoma nata hannun.

Har yau in ka tambayi Nachisale abin da aka koyar ranar, cewa take ba ta gane komai ba. Farar rigar dai tabon bai fita ba, kuma tsohuwar ta hana ni sa mata bilic.