Takalman Saje Isiyaku a Bakin Burtali

Shekara tara ke nan a wannan damina da muka kai Saje Isiyaku makwancinsa a Garo. Ban taɓa rubuta komai a kansa ba, domin taubashina ne, mahaifiyata ƙanwar mahaifinsa ce, kuma tsakanin taubasai babu yabo sai tsiya. Yana raye ban taɓa kiransa da sunan kirki ba. Ni ina ce masa Ɗan Sandan Gona, shi kuma yana ce mini Malam Alli saboda koyarwar firamare da na tsufa a cikinta. Da zai ji wai na ɗauki biro zan yabe shi a jarida, da cewa zai yi lallai tsufa ya fara taɓa ni. Amma bana wani abu ya faru a gonarsa da ya hana ni sukuni, kuma ban ga wanda zan amayar wa ba sai ku masu karatu.

Isiyaku ya yi aikin ɗan sanda a wurare da dama kafin a dawo da shi gida, ya zauna a Gwarzo, ya ƙare a Kabo. Bai wuce saje ba, kuma ni na taya shi jin haushin hakan fiye da yadda shi ya ji. Wanda bai san ƙasarmu ba zai ɗauka duk abu ɗaya muke, tunda masallaci ɗaya muke shiga, harshe ɗaya muke yi. Ba haka ba ne. Akwai manoman da suka gaji fartanya kaka da kakanni, akwai gidajen da kakanninsu makiyaya ne suka zauna suna noma suna kiwo, akwai 'yan kasuwa, akwai baƙin da aiki ya kawo daga wasu jihohi. Ana auratayya, ana zuwa wa juna suna da jana'iza. Amma da zarar saniya ta sa baki a gero, sai kowa ya tuna ɗan waye shi.

Irin wannan ƙarar ita ta fi yawa a hannunsa da damina, kuma yana da yadda yake yin ta. Ba ya yarda a fara magana a ofis. Sai ya hau babur ɗinsa ya ce mai gona da mai shanu su same shi inda aka yi ɓarnar. In ya isa bakin gona, sai ya zauna ya kwance manyan takalman nan na aiki, ya jingine su, ya naɗe ƙafar wando. Na taɓa tsokanarsa cewa rowar takalmi ce, yana tsoron ya ƙare a ce ya sayi wani. Ya ce, "Malam Alli, takalmin gwamnati ba ya jin ƙaya. Wanda bai ji ƙaya ba kuwa, bai je wurin ba."

Daga nan sai ya juya abin. Ba mai gona ne zai faɗi asararsa ba. Mai shanu zai shiga gaba, ya zagaya gonar da ƙafarsa, ya riƙa faɗa da bakinsa a gaban jama'a abin da dabbobinsa suka ci da abin da suka tattake. In ya gama, sai mai gona shi ma ya shiga gaba, a bi burtali, wato hanyar da aka ware wa shanu tun zamanin iyaye, ya nuna da bakinsa inda fartanya ta ci hanyar, ko tasa ce ko ta maƙwabcinsa. Kowa asarar ɗan'uwansa zai faɗa. Saje yana biye da su ba takalmi.

Sau ɗaya na raka shi wajen Gammo na ga abin da idona. Mai shanun dattijo ne, Malam Sambo, maƙwabcinmu ne ma a Garo, yaransa ne suka yi sakaci. Ya zo a fusace yana cewa an toshe musu hanya. Da ya fara zagayen yana ganin geron da ya fara fitar da kai a kwance, sai muryarsa ta riƙa yin ƙasa, har ya kai yana faɗin ɓarnar da shi mai gonar bai lura da ita ba. Shi kuma mai gona da aka zo burtali, ya tsaya a inda hanyar ta tsuke ya daɗe yana susar ƙeya. Abin da aka sasanta a kai ban riƙe ba. Abin da na riƙe shi ne tare suka tafi masallaci da azahar. Isiyaku ya san mutanenmu: za ka iya yi wa hukuma ƙarya a kan benci, amma da wuya ka tsaya a gonar mutum, idon jama'a a kanka, ka ce ba ka ga abin da kowa yake gani ba. Gani ya kori ji.

Ba zan ce kullum abin yana ci ba. Akwai waɗanda suka ƙi zuwa, akwai waɗanda sai da aka dangana da kotu. Manyansa ma ba duka suke son tsarin ba, wasu na ganin ɓata lokaci ne da zubar da kwarjinin kaki. Iyalinsa kuwa sun sha zaman jira, domin mutumin da zai wuni a gonar wani ba ya samun wunin gidansa. Tasa gonar da ke bakin burtalin Garo ita ce ta fi kowacce ciyawa a unguwar, abin da na riƙa yi masa gori da shi har ya koma ga Allah. Abu ɗaya ya yi mata na kirki: ya dasa darbejiya a daidai iyakarsa da burtali, ya ce ko bayan ransa kada a yi gardama.

Yau in na zauna ina tambayar kaina me zai ce da zai leƙo. Mutane sun ƙaru, gona ba ta ƙaru ba. Taki ya yi tsadar da manomi ke kallon kowane taƙi na ƙasa kamar nama. Labaran hare-haren da ke zuwa daga yamma da mu sun sa mutum yana ganin saniya sai gabansa ya faɗi, alhali mai ita tare suka yi makarantar allo. Ga kuma waya. A zamaninsa kafin labarin ɓarna ya kai kasuwa, shi ya riga ya isa gonar. Yanzu kafin ɗan sanda ya tayar da babur, hoton gonar ya zaga gari, an ɗora masa murya, an yanke hukunci, waɗanda ba su san hanyar Garo ba suna ta zuga daga birni. Anya tsarin cire takalmi zai yi gudun da zai kamo wannan? Wannan tambayar ta daɗe tana cina, sai ga shi bana ta zo har gida.

Kabiru, babban ɗan Saje, shi ke noma gonar yanzu. Yaro ne mai ƙoƙari, ga iyali, ga ƙanne a wuyansa, ga mahaifiyarsa. Shekarun nan ya riƙa ƙara 'yan kunyoyi ta gefen burtali, bana kaɗan, baɗi kaɗan, kamar yadda kowa ke yi. A watan jiya shanun Buba, ɗan marigayi Malam Sambo, suka faɗa masa masara. Kabiru ya ɗauki hoto ya watsa, da maganganun da ba zan maimaita ba. Matasa suka fara taruwa a bakin titi. Mahaifiyar Buba, wadda ta yi shekara da shekaru tana aiko wa gidan Saje nono, ta daina aikowa. Na ji ana cewa Buba yana neman mai sayen gonarsu, zai kwashe iyali su bar garin da aka binne kakansa. Na je na yi wa Kabiru magana, ya ce, "Baba, zamanin nan ba na lallashi ba ne."

Ƙarar ta faɗa hannun wani Sufeto Yohanna, mutumin Filato, wanda ya fara aiki yana ƙaramin kurtu a ƙarƙashin Saje, aka yi ta yawo da shi, aka sake dawo da shi nan. Shi ya aiko a ce mini in zo gona da safe, in tsaya a matsayin uba. Da muka taru, ga Kabiru, ga Buba, ga mai unguwa, ga matasa kowa da waya a hannu, sai Sufeto ya nemi wuri ya zauna ya fara kwance takalmi. Ni dai na kawar da kai, don kada yara su ga idona.

Buba ya shiga gaba. Ya faɗi ɓarnar tsaf, bai rage komai ba, har ya tsuguna ya ɗaga wata masara da ta fara goyo ya ce, "Wannan ma saniyarmu ce ta karya." Da ya gama sai Sufeto ya dubi Kabiru ya ce, "Saura kai. Haka Oga yake yi, ka sani." Kabiru ya ce shi ne mai ƙara, ba shi aka kawo ba. Sufeto ya dai tsaya ƙafarsa a cikin taɓo yana jira. Har na fara cewa a raina shi ke nan, abin ya mutu tare da mai shi.

Sai Kabiru ya taka. Muka bi shi cikin burtali har inda hanyar ta tsuke, kafaɗata tana gogar ganyen masara. A nan ya tsaya, domin darbejiyar mahaifinsa tana can tsakiyar masararsa, ta yi nisa da abin da ya rage na hanya. Kowa ya gan ta, kowa ya san wanda ya dasa ta. Ya daɗe yana kallonta, sannan ya ce a hankali, "Shanu biyu ba za su jera a nan ba. Ni na ci hanyar." Ya karɓi fartanya a hannun wani, ya fara sare masarar da ya zuba wa taki da guminsa, tun daga bakin hanya har gindin bishiyar. Buba ya riƙe masa hannu ya ce ya bari sai bayan girbi. Kabiru ya ce a'a, shanu ba za su jira girbi ba.

Ba zan yi muku ƙarya in ce hankalina ya kwanta ba. Burtali ɗaya ne wannan a cikin masu yawa. Rumbun Kabiru zai yi rauni bana, kuma har yanzu gaisuwarsa da ni a taƙaice take. Wasu daga cikin matasan suna cewa an yi masa wayo. Buba ya fasa sayar da gona, amma ban sani ba ko na bana ne kawai. Sufeto Yohanna kuwa an ce za a sake ɗauke shi, kuma ban san ko wanda zai gaje shi ya taɓa taka gona ba takalmi ba. Hoton ɓarnar ya zaga ko'ina, amma ban ga wanda ya watsa hoton Kabiru yana saran masararsa ba.

In na auna abin da Isiyaku ya bari, ba shi da yawa. Bai bar gidan bene ba, bai bar muƙami ba. Ya bar bishiya ɗaya, da wani mutumin Filato da ya koyi kwance takalmi, da ɗa wanda da aka kai shi gaban gaskiya bai iya kawar da kai ba. Allah Ya jiƙanka, Ɗan Sandan Gona, Ya sa ka huta. Ina kewarka, ga shi na faɗa a gaban duniya, ka yi ta dariya. Shekara tara kana ƙasa, amma sai da ka sake yanke shari'a a Garo, kuma ɗanka ne bai yi nasara ba.