Waƙar Tatsa a Bakin da Ya Karkace

Akwai wata tsohuwar ƙwarya a ɗakina da jikokina suka dame ni in ba su, wai su riƙa zuba wa kaji ruwa. Ta yi baƙi, bakinta ya cinye, ga wani tsagi tun daga sama har gindi da aka ɗinke da zaren kaba. Amma in ka kai hancinka cikinta, har yau za ka ji ɗan ƙamshin madara da hayaƙi. Ni da zarar na shaƙa sai in ga kaina ina yarinya a ƙauyenmu na wajen Gangara, a shekarar farin da aka ci jar dawar taimako. Ƙwaryar tatsar kakata ce, wadda ta haifi babana.

Kakanninmu makiyaya ne, daga arewa suka gangaro, suka zauna suka koyi noma. Kaka dai ba ta taɓa yarda ta zama manomiya ba. Doguwa ce, mai faɗa, kullum da taba da kanwa a kumatu, kuma a wurinta mutumin da bai iya tatsa ba bai gama zama mutum ba. Farin farko ya cinye garken gidanmu, na biyu ya zo ya tarar da ragowa. Da aka shiga bazara, saniya ɗaya ta rage a turke, wata ja mai farin goshi.

Wanda bai ga wannan shekarar ba, da wuya ya gane yadda gari ke yin shiru. Babu kukan tumaki, babu ƙarar taɓarya da hantsi, don babu abin dakawa. Muna jiƙa 'ya'yan anza na daji kwana da kwanaki kafin ɗacinsu ya fita, muna tafasa ganyen jiga, mata suna tona gidan tururuwa don ɗan hatsin da suka tara. Babana ya tsallaka Najeriya cin rani tun bayan damina ta wuce babu girbi, ya bar mu da ƙanensa, baffa. Inna kuwa tana goyon ƙanena, ko zama bai fara ba, nononta ya ƙafe ƙaf.

Ran yaron nan a jikin jar saniya yake rataye, kowa a gidan ya sani. Abin da take bayarwa bai cika rabin ƙwarya ba, amma shi ake ba shi da ɗan ludayi safe da yamma. Kaka ce ke riƙe da saniyar. Ta yaye tsohon jinkan ɗakinta ta ba ta, tana yawo cikin rana tana tsintar 'ya'yan gawo, har rabon ruwanta na sha sau da yawa na gan ta tana juye mata. In inna ta yi magana sai ta ce: "Ke bar ni. Angona nika ciyarwa." Haka take kiran ƙanena, angona, irin wasan kaka da jika.

Maraƙin saniyar ya mutu tun da wuri, kuma saniya ba ta sakin nono in ba ta ga ɗanta ba. Kaka ta sa aka feɗe shi, ta cusa wa fatar busasshiyar ciyawa, ta ɗinke. Lokacin tatsa sai a ajiye wannan gunkin a gaban uwar, a barbaɗa masa ɗan gishiri, tana lasa. Amma fatar kaɗai ba ta isa. Sai kaka ta tsuguna, ta jingina goshinta da cikin saniyar, ta fara waƙar tatsa. Rabinta Hausa, rabinta harshen kakanninmu da mu yara ba ma ji. A ciki take lissafa uwar saniyar da uwar uwarta, da rijiyoyin arewa da suka sha. Tana kaiwa tsakiya sai ka ga saniyar ta saki jiki, hantsar ta cika, madara ta fara ƙara a gindin ƙwarya.

Wata safiya tana tasowa daga tatsa, ƙwaryar ta suɓuce daga hannunta na dama ta faɗi ta tsage. Ina kusa. Na ga gefen bakinta ya zube, ta buɗe baki za ta yi mini faɗa kamar yadda ta saba, abin da ya fito ba magana ba ne. Kafin inna ta iso daga ɗaki, bakin ya koma daidai, hannun ya dawo.

"Mi ya samu bakinki, kaka?" na tambaye ta.

"Yunwa ce ta shahe ni ta wuce," in ji ta. "Ɗauko mini kaba da basilla."

Ta zauna ta ɗinke ƙwaryar da hannun nan nata, tana ƙorafin madarar da ta zube. A shekarar da kowa ke ganin jiri, wa zai tsaya kan jirin tsohuwa? Ba wanda ya sake tada zancen.

Ba a yi mako ba abin ya dawo, wannan karon bai wuce ba. Da azahar aka tsince ta a gindin gawo, 'ya'yan da ta tsinta sun watse. Aka ɗauko ta a tabarma. Hannun dama da ƙafar dama sun mutu, in ka ɗaga ka saki sai su faɗi. Bakin ya karkace, miyau na zuba, in an ba ta ruwa sai ta sarƙe. Idanunta kuwa garau, tana kallon kowa, ta san kowa. Tana neman magana, sai dai "to, to" ke fitowa, ta yi ta maimaitawa har hawaye su zubo. Matar da ake jin muryarta daga bakin rijiya, ga ta ba ta iya cewa a ba ta ruwa.

Gari ya yanke hukunci nan take: ta shiga gindin gawo da rana tsaka, iska ta shafe ta. Aka kira mai magani. Ya yi turare, ya shafe ɓarin jikin da wani mai, ya ce a ajiye ta a ɗaki a saki asabari, kada ta ga rana, kuma ko kusa kada a bar ta ta matso dabba, don abin da ya taɓa ta zai iya komawa kan saniyar. Baffa ya karɓi maganar hannu biyu. Ban ga laifinsa ba, saniya ɗaya gare mu.

Sai dai saniyar ba ta san da wannan doka ba. Inna ta ajiye fatar maraƙi, ta barbaɗa gishiri, ta tsuguna. Saniya ta lashi gishirinta ta ɗauke nono. Baffa ya gwada, ta kai masa shuri. Aka kira wata maƙwabciya Bafulatana da ta tashi cikin shanu, ta yi nata kirarin, ta lallaɓa, da ƙyar ta samu abin da zai jiƙa gindin ludayi. Ta miƙe ta ce wa inna a hankali: "In ta ƙara kwana biyu haka, nonon ƙahewa za shi yi."

Ƙanena ya yi kuka ranar farko. Rana ta biyu kukan ya zama ƙaramin nishi, maɗigarsa ta faɗa, aka ɗura masa ruwan dawa ya dawo da shi. Inna ta zauna da shi a cinya a ƙofar ɗaki, ko kuka ba ta yi. Tsoron da na ji a lokacin ban sake jin irinsa ba.

Da la'asar saniyar ta fara kuka a turke, lokacin tatsa ya yi. Sai muka ji motsi a ɗakin kaka, asabari yana girgiza. Ta fito. Da gwiwar hannun hagu take jan jiki, ɓarin dama yana bin ta a ƙasa, zanenta duk turɓaya, ƙwaryar nan tana tura ta gaba da haɓa. Baffa ya taso zai mayar da ita. Ta ɗago ta dube shi, irin kallon da take masa tun yana yaro, ta ce "to" guda ɗaya. Ya tsaya cak.

Inna ce ta miƙo mini jaririn. "Kama mini ita, baffan yara," ta ce wa baffa. "In iskar za ta ci saniyar ta ci. Ɗana dai tahiya shikai."

Suka ɗauke ta suka zaunar a gefen saniyar, baffa ya tokare mata baya da gwiwarsa. Ta jingina goshi a inda ta saba. Ta buɗe baki, muka ji "to, to" ɗin nan, zuciyata ta karye. Ta lumshe ido, ta fara wani gunji a maƙogwaro, amon waƙar ne babu kalmomi. Daga nan sai kalmomin suka biyo.

Mai karatu, na sha ba da wannan labarin, kuma duk lokacin sai tsikar jikina ta tashi. Daga bakin nan karkatacce, wanda ya kasa kiran sunan ɗan da ta haifa, waƙar ta fito ɗungurungum. Uwar saniyar, uwar uwarta, rijiyoyin arewa ɗaya bayan ɗaya, babu wadda ta tsallake. Muryar ta yi nauyi, amma tata ce. Saniyar ta daina lasar fata, ta juyo ta shinshini kan kaka, ta saki jiki. Kaka ta miƙa hannun hagu ta kamo hannun inna ta ɗora a hantsar. Sai ga ƙarar madara a gindin ƙwarya. Baffa, ƙaton mutum, yana tokare da uwarsa yana kuka yana salati.

Da waƙar ta ƙare inna ta ce mata: "Sannu, inna." Kaka ta buɗe baki za ta amsa. "To, to," in ji ta. Maganar ta koma inda ta fito.

Haka aka ci gaba safe da yamma: a ɗauko kaka, ta yi waƙa, inna ta tatsa. Ƙanena ya farfaɗo. Ganin saniyar ba abin da ya same ta, baffa ya ari jaki da amalanke ya kai kaka gidan likita a Gazawa, ni ina riƙe da kanta. Likitan ya ɗaura mata wani abu a damtse ya hura, ya girgiza kai. Ya ce jininta ya daɗe da hawa, ga taba da kanwa, ga ƙishirwa da ke sa jini kauri. Gudan jini ne ya toshe jijiyar da ke kai jini wani sashen ƙwaƙwalwa, kamar yadda laka ke toshe hanyar ruwa a lambu, fangalin da ruwa bai kai ba ya bushe. Ya tambaya ko ta taɓa yin irinsa ya wuce. Na ba shi labarin ƙwarya. Ya ce wannan ita ce ranar da ya kamata a kawo ta, don ƙaramin gargaɗi ne na babban.

Ya ba da wasu ƙananan ƙwayoyi, ya hana taba, ya ce a rage gishiri, a riƙa ba ta abinci a zaune, a riƙa juya ta, a riƙa miƙe hannu da ƙafar kullum. Zancen ɗaki mai duhu kuwa ya ce a bar shi. Kafin damina ta kankama kaka ta fara takawa da sanda tana jan ƙafa. Hannun bai dawo ba. Ta ƙara shekaru a duniya, tana sallarta tana waƙarta, amma ba ta sake cewa "angona" ba. In tana son ƙanena sai ta ɗauko waƙar tatsa, shi kuma ya rarrafo. Har ya girma yara suna tsokanarsa da ɗan jar saniya.

Yanzu ɗan jar saniya ya yi furfura, yana da babur da shagon hatsi a Gazawa. Bara ya zo gaishe ni, yana shan shayi a ƙofar ɗakin nan, sai kofin ya suɓuce daga hannunsa na dama. Na dubi bakinsa. Na ce ya ɗaga hannuwa biyu, ɗaya ya zame. Na ce ya faɗi sunana, harshen ya yi nauyi. Ko mayafi ban tsaya nema ba, na sa aka tare mota. Muna hanya abin ya sake shi, ya ce: "Yaya, na warke hwa, gajiya ce. Mu koma." Na ce wa direba in ya juya ni da shi ne.

Daga Gazawa aka tura mu Maraɗi, aka ɗauki hoton kansa don a ga toshewa ce ko fashewar jijiya, domin maganinsu ba ɗaya ba ne. Aka ce ƙaramin ne, irin na ranar ƙwarya. Aka ɗora shi kan maganin hawan jini da na hana jini dunƙulewa. A can na ji cewa har allurar narkar da gudan jinin akwai a inda ake da ita, amma sai an kai mutum cikin sa'o'in farko. Na tambayi likitar da ta duba shi yadda mutum zai kasa magana ya iya waƙa. Ta ce sashen da ke haɗa magana daban, inda tsohuwar waƙa ke zaune daban, toshewar takan ci ɗaya ta bar ɗaya. Na gane bayaninta sarai, amma bai rage mini mamakin Wanda ya raba su ya ajiye ba.

Yau babu saniya ko ɗaya a gidanmu, madara a leda jikokina suka san ta, waƙar ma rabinta ya ɓace mini. Ƙwaryar dai kaji ba za su same ta ba. Ƙanena kuwa duk ranar kasuwar Gangara sai ya biyo, ya jingine babur, ya tsaya a ƙofa ya ce: "Salamu alaikum, yaya." Nakan yi kamar ban ji ba, don ya sake faɗa.