Dogara da Sifirin Motar Emenike

Shekara talatin da ɗaya na yi ina auren Dogara bakanike, ban taɓa jin ya yarda da maganar mai mota ba. In ka ce motarka tana ƙara ta gaba, sai ya zagaya baya. In ka rantse jiya ka sa baƙin mai, sai ya zaro sandar awo ya shinshina. Ni kaina ban tsira ba, in na ce na sa gishiri a miya sai ya ɗanɗana kafin ya ce to. Mutanen Kafanchan har suna suka laƙa masa, wai Sai-Na-Gani, shi kuwa ko a jikinsa.

Ba haka aka haife shi ba. Yana saurayi, lokacin da yake koyon aiki a Jos, wani direba ya ce masa ya riga ya ɗaure notin taya. Dogara ya yarda, bai taɓa da hannunsa ba. Tayar ta fita a gangare, mota cike da mata 'yan kasuwa. Allah ya kiyaye ba a rasa rai ba, amma tun daga ranar kunnensa ya daina aiki, sai ido da hannu. Da ya dawo gida ya buɗe gareji a gindin mangwaron ƙofar gidanmu, ni kuma ina soya ƙosai a gefe, shi ya sa komai a kan idona ake yi.

A watan Maris na 1971 wata babbar mota ta jawo wata baƙar mota ƙirar Ingila da igiya, ta ajiye mana. Motar Emenike Nwachukwu ce, akawun reluwe, wanda muka zauna unguwa ɗaya da shi kafin yaƙin basasa. A 1966 an tura shi kwas Inugu. Kafin ya tafi ya kai motar Kagoma wurin amininsa Zamani, manomi, tsohon direba, kuma dattijon ikilisiya, ya ce kada ta motsa sai ya dawo. Yana can tashin hankali ya ɓarke, hanya ta rufe. Sai bayan shekara biyar ya dawo, a rame, ba matarsa Chinelo, ba kowa. Mun ji dai ta rasu lokacin yaƙi, ba wanda ya iya tambayarsa yadda aka yi.

Zamani ya mayar masa da motarsa, amma bayanta ya zauna ta hagu, kamar kujerar da ƙafa ɗaya ta gajarta. Mita kuma ta ƙaru da kusan mil ɗari uku. Nan gari ya ɗauka. Wannan ta ce ta ga motar a garin Kasuwan Magani tana lodin fasinja, wancan ya ce buhunan citta take kwasa. Emenike ya tambayi Zamani a gaban mutane ko motar ta motsa, Zamani ya sunkuyar da kai kawai. Dattawan ikilisiyarsu suka ce ranar Lahadi mai zuwa za su zauna, in ta tabbata ya ci amana, za su sauke shi daga kujerarsa a gaban jama'a. Mutum mai shekara sittin, wanda ko kazar wani ba a taɓa kama shi da ita ba!

"Dogara, duba mani shi da kyau," in ji Emenike, da irin Hausarsa ta reluwe. "Ya yi haya da shi shekara biyar, ya cire wayan mita. Ina so ka faɗa a gaban fastonsu."

"Oga Emenike, kai ka ce. Mota ba ta ce ba tukuna."

Dogara ya sa aka ba tayoyi iska. Ya karyo karan dawa ya auna daga ƙasa zuwa bakin ƙarfen da ke saman taya, dama da hagu. Hagu ta gaza da yatsa huɗu. Ya danna but ɗin bayan motar da dukan ƙarfinsa ya saki. Dama ta yi lilo ta tsaya, hagu kuwa ko motsi, sai wani ƙwas kamar an buga taɓarya a turmi. Ya tsuguna ya daɗe yana shafa tayoyin baya, ya leƙa robar birki da ta kuloci, ya ja tsaki.

Da rana yana cin tuwo ya ce mani, "Dattijon nan yana ɓoye wani abu."

Raina ya ɓaci, don matar Zamani ƙawata ce, tare muke zumuntar mata. Na ce, "Baban Clara, kai ma ka bi 'yan gari?"

"Shi ma Emenike ban yarda da shi ba. Tayoyin nan ba su yi haya ba. Amma motar ta je wani wuri, kuma ta sha wuya."

Haushi ya hana ni ƙara masa miya. Gaskiya ni ma a cikin zuciyata na fara zargin Zamani, abin da har yau nake jin kunyarsa. In ba ka yi komai ba, me zai hana ka buɗe baki?

Washegari da safe ya ɗaga bayan motar da jak, ya tokare da kututture, ya shimfiɗa buhu ya shige. Sifirin motar irin na falle-falle ne, ƙarafa bakwai a jere, an ɗaure su a tsakiya, su ke ɗauke da nauyin baya. Na daina jin ƙarar sifana, na daina jin tsaki. Can sai ya kira ni.

"Maman Clara, bar ƙosan nan ki zo. Wannan aikin mata ne."

Ban taɓa shiga ƙarƙashin mota ba sai ranar. Na gyara zane na kwanta kusa da shi, ya haska da madubin aski. Babban fallen sama na hagu ya karye kusa da inda yake maƙale da jikin mota. A tsakanin ƙarfen taya da jikin motar an cusa guntun icce, an ɗaure shi tam da waya, an naɗe da tsumma. Gidajen zanzaro sun rufe wurin, sabo a kan tsoho.

"Kin san wannan atamfa?"

Ƙura ta cinye ta, amma da na tofa miyau na murza, sai zanen ya fito: makullai rawaya a kan shuɗi. Shekara uku rumfar Chinelo tana jikin tawa, lokacin da nake kai ƙosai kasuwa, da wannan zanen take goya 'yarta Immaculata.

Dogara bai kwance komai ba. Ya aika Kagoma a kira Zamani, ya aika tasha a kira Emenike. Da la'asar suka iso, kowa ya tsaya gefensa, ba gaisuwa. Dogara ya ce su durƙusa su leƙa. Emenike ya so ya yi gardama saboda farin wandonsa, Dogara ya ce to a mayar da mota inda aka ɗauko ta. Emenike ya durƙusa.

"Oga Emenike, dubi bakin karayar. Baƙi ƙirin da tsatsa. Ƙarfen da ya karye ana ta tafiya da shi, bakinsa yana goguwa, yana ƙyalli. Wannan sau ɗaya ya karye, tuntuni. Dubi gidan zanzaro, hawa biyar na ƙirga. Zanzaro ba ya gini a motar haya. Tafiya ɗaya motar nan ta yi, da kaya fiye da ƙarfinta, a mummunar hanya. Aka tokare ta da icce, aka lallaɓo da ita gida, ba ta ƙara motsi ba." Ya juya. "Baba Zamani, ƙarfe ya faɗi nasa. Saura kai."

Dogara ya sa almakashi ya yanko tsumman, ya miƙa wa Emenike. Emenike ya warware shi, ya ga makullan.

Sai Zamani ya yi magana, idonsa a ƙasa. "Ran da gari ya rikice, Madam ya zo Kagoma da ƙafa, da yarinya a baya, da waɗansu mata da yara. Jirgi ya cika, ba wuri. Na ce mota kam an ce kada ya motsa, amma na kunna. Mutum goma sha ɗaya. Bayan Lafiya sifirin ya karye. Na sara icce, waya bai isa ba, Madam ya yaga zanen goyo ya ba ni. Na kai su bakin gadan Makurɗi, na ga sun shiga cikin mutane, na juyo." Ya share fuska da hularsa. "Da ka dawo kai kaɗai, na ce ni ne na kai su wurin mutuwa. Da na ɓoye su a rumbuna, wataƙila da suna nan. Da wane baki zan gaya maka? Gara a ce ni ɓarawo ne."

Ni dai na kasa riƙe hawaye. Ƙosai yana ƙonewa a kasko, ban ko waiwaya ba.

Emenike ya daɗe yana kallon tsumman. "Sun isa," ya ce. "Zamani, sun isa gida. Chinelo ya yi shekara biyu da rai a garinsu. Ciwo ne ya kashe shi, kafin in same su. Ba wanda ya gaya mani wane ne ya kawo su."

Zamani ya ɗago kai a karo na farko. "Yarinyan fa?"

"Immaculata yana wurin kakanta. Aji uku yanzu. Yana da surutu kamar uwanta."

Tsohon ya zauna daɓas a ƙasa, cikin baƙin mai da ƙura, ya rufe fuska da hannu biyu. Shekara biyar yana yi wa yarinyar addu'ar matattu a zuciyarsa.

Gyaran ya ci kwana uku. Dogara ya kwance sifirin duka biyu, ya kankare tsatsa falle bayan falle, ya samo babban falle a jikin wata matacciyar mota, ya sake robobin da suka bushe, ya shafe komai da giris, ya tayar da injin. Ya sake aunawa da karan dawa, dama da hagu suka zo daidai. Duk da haka sai da ya sa ni da maƙwabta uku muka zauna a baya, ya zagaya da mu har tasha, wai bai yarda da karan ba.

Ranar Lahadi Emenike, ɗan Katolika, ya tuƙa motar zuwa Kagoma, ya shiga majami'ar su Zamani, ya nemi a ba shi magana kafin dattawa su zauna. Ba a yi zaman ba.

Da yamma na tsokani Dogara. Na ce, "Sai-Na-Gani, mutum goma sha ɗaya a wannan 'yar motar? Ai ba ka gani ba."

Yana wanke hannu da kananzir, bai ko ɗago ba. "Zamani ya ce goma sha ɗaya," ya ce. "Goma sha ɗaya ne."