Gaisuwar da ta ja wa Ɗan'azumi ɗauri

Abdulwasi'u yana yanka nama a shagonsa na tsire a unguwar Mansur da ke Makka, wayar Kausar ta shigo. Kuka ya hana ta haɗa Hausa, sai da Larabci ta iya gaya masa cewa babanta Ɗan'azumi ya rasu a asibitin gidan yari. Ya ajiye wuƙar, ya nemi wuri ya zauna. Kotun ɗaukaka ƙara ba ta ma kai ga zama ba.

Tare Abdulwasi'u da Ɗan'azumi suka baro Bichi suna samari. Ɗan'azumi ya kama ɗinkin jallabiya, ya yi aure, ya binne matarsa Rahmatu a nan Makka. Mutum ne da ba ya iya tambayar baƙo. Duk wanda ya yi sallama ya ce daga gida yake, an shimfiɗa masa, an ɗebo masa abinci. Ta nan wasu masu sayar da izinin Hajji na jabu suka samu shiga, suna kawo mutanensu su kwana a falonsa. Da asirinsu ya tonu, aka lissafa shi cikin ƙungiyar.

Bayan an ba da belinsa, ya ji cewa maƙwabcinsa Ayman ne zai ba da shaida. Sai ya yi abin da aka saba a gida: ya ɗauki dattawa, da kwanon dambu, suka je gaisuwa don kada shari'a ta ɓata maƙwabtaka. Ayman haihuwar nan ne, bai san wannan al'ada ba. Ya tsorata, ya kai rahoto. Alƙali ya ce yunƙurin juya shaida ne, ya haɗa laifukan biyu ya yanke masa ɗauri, daga ƙarshe kuma a kore shi daga ƙasar.

Ɗaurin bai dame shi kamar korar ba. Kullum maganarsa wa zai riƙa ziyartar kabarin Rahmatu, wa zai tsaya wa Kausar. Abdulwasi'u ya yi ta zirga-zirga wurin lauya har aka shigar da ƙarar, ya nemo dattawan nan su yi bayani.

A ziyararsa ta ƙarshe ya tarar da shi ya rame, ƙafafu sun kumbura, amma bakin nan yana nan. Ɗan'azumi ya tsokane shi da cewa har yanzu warin hayaƙi yake yi, ko gilashin da ke tsakaninsu bai tare ba. Abdulwasi'u ya yi dariya, ya ce lauya yana da kyakkyawan zato.

"Bar lauya, mai tsire. Ni dai kada a sa ni a jirgi."

"Ba inda za ka, Ɗan'azumi."

"Ka yi min alkawari?"

"Na yi, in Allah ya yarda."