Allurar da Babu Ruwa a Cikinta

Ranar da aka kawo mana Baba Ɗanladi tana nan a raina, kuma duk ɗalibin da aka turo ƙaramin asibitinmu na Akurba sai na ba shi labarinta. Ni ma'aikacin lafiya ne na matakin farko. Aikinmu mu duba mara lafiya, mu yi abin da za mu iya, abin da ya fi ƙarfinmu mu tura babban asibiti.

Lokacin huɗar doya ne, da hantsi. Matarsa Inna Talatu ta kawo shi a keke mai ƙafa uku daga Kwandere. Dattijo ne siriri, yana dafe da ƙirjinsa ta dama, numfashi yana fita da ƙyar. Na yi masa tambayoyin da muka saba. Ya sha magani? A'a. Ya faɗi, ko wani abu ya buge shi? A'a. An yi masa allura a wani wuri? Ya girgiza kai, Inna ma ta ce ko ɗaya.

Na ɗauka sanyin ƙirji ne, har na fara tunanin maganin da zan ba shi. Sai shugabarmu Sista Rakiya ta ce in ɗaga rigarsa in saurari huhun tukuna. Da na sa abin saurare, gefen hagu yana aiki, gefen dama shiru. Ga kuma wasu jajayen ɗigo-ɗigo a jere, daga kafaɗa har tsakanin haƙarƙari.

Na tambayi Inna mene ne wannan. Ta ce aikin wani mutum ne a Bukan Sidi mai allurar Sinawa, wadda ake kira akufanca. Kafaɗar Baba ta hana shi riƙe garma, maƙwabci ya yi musu kwatance, da safen nan aka soka masa siraran allurai a baya. Kafin su iso gida numfashi ya fara yankewa.

Na ce, "Baba, ba yanzu na tambaye ka ko an yi maka allura ba?"

Ya ja iska da ƙyar ya ce, "Likita, ai wannan babu ruwa a ciki. Ƙarfe ne kawai."

Raina ya ɓaci har na ɗaga wa dattijon murya, mutumin da ko magana ba ya iya ƙarasawa. Wannan bai dace ba, kuma shi gaskiya ya faɗa. A wurinsu allura ita ce mai ruwan magani. Ni ne ban iya tambaya ba.

Sista ba ta tsaya faɗa ba, ta sa aka nemo mota, na raka shi babban asibiti. Hoton ƙirji ya nuna allura ɗaya ta wuce nama ta taɓa huhu, iska ta taru a ƙirjin ta danne shi. Likitoci suka sa masa roba ta gefen haƙarƙari suka fitar da iskar. Suka kuma gwada jininsa, domin Inna ta ce daga kwalba ɗaya mutumin yake zaro wa kowa allurai, kuma ta haka ciwon hanta yake yaɗuwa. Allah ya kiyaye, ba a sami komai ba.

Bayan an sallame shi ya zo yi mana godiya da doya. Ya ce kafaɗar fa ta yi sauƙi. Sannan ya rage murya ya tambaye ni ko zai iya komawa wurin mai allurar saboda gwiwarsa.

"Ai babu huhu a gwiwa, likita."

Sista ta tashi ta bar ɗakin. Ni kuwa na haɗiye fushina na zauna kusa da shi, don na gane in na ce kada ya je, zai je, ya kuma ɓoye mana. Na ce masa aikin ba laifi ba ne a hannun wanda ya karance shi ya san inda huhu da jijiya suke. Amma ya nemi ganin shaidar karatun mutum, a buɗe sabuwar allura a gabansa, kuma ya zo ya gaya mana kafin ya je. Mai ciwo ba ya barin abin da ya ba shi sauƙi don ka yi masa tsawa. Abin da ya rage mana a wannan aiki shi ne ya riƙa gaya mana inda ya je.